Minti Biyar na Ƙarshe

Shekara ashirin da shida ina farauto wa ƙungiyarmu ta hokin ƙanƙara 'yan wasa, kuma babban abin da na tara shi ne ciwon baya. Ka tuƙa mota daga Brandon zuwa Moose Jaw zuwa Prince Albert cikin dusar ƙanƙara, ka hau can kusurwar sama ta filin wasa ka zauna da mafarautan sauran ƙungiyoyi, kowa da kofinsa da ɗan littafinsa, kowa yana shara wa na kusa da shi ƙarya. In yaro ya burge ka, sai ka yi hamma. Saura minti biyar a tashi, duk mu miƙe mu fice kafin motoci su cunkushe hanya. Haka muka tarar ana yi.

A waccan shekarar, ramin da ke cikin ƙungiyarmu ba ya buƙatar tabarau. 'Yan gaba har sun yi mana yawa, mai tsaron raga yana da sauran ƙarfinsa, amma masu tsaron bayanmu su shida duk ta hagu suke riƙe sanda. Wanda aka tura ɓangaren dama sai ya riƙa karɓar faifai, wato ƙwallon wasan, a baibai, abin takaici. Muna neman mai riƙe sanda ta dama ruwa a jallo, kuma mu ne na goma sha ɗaya a layin zaɓen sababbin 'yan wasa na watan Yuni.

Ni na samo shi a Swift Current: Emmett Sawchyn, ɗan manomin alkama, shekara goma sha takwas. Ba ya zura faifai a raga, don haka sunansa yana can ƙasa a jerin da jaridu ke bugawa. Kyawunsa ba ya fitowa sai wasa ya zo ƙarshe, ƙungiyarsa na gaba da ci ɗaya, kowa ya jigata. A nan za ka ga yaron ya natsu kamar mai jiran bas, ba abin da ke wuce shi. Ina son wasansa har cikin raina. Mutum uku muka san da maganar: ni, da manajanmu Garth Pelletier, da Lorne Dueck, abokin aikina kuma abokin tafiyata, wanda muka yi shekara goma sha tara muna raba mota ɗaya da ɗakin otal ɗaya.

Cikin Fabrairu sai ga Merv Tollefson a Swift Current. Merv yana yi wa ƙungiyar da ke ta goma sha huɗu a layi farauta, kuma mutum ne da ba ya ɓata mai a banza. Ya zo sau ɗaya, na ce hanya ce ta biyo da shi. Ya zo na biyu, ya zo na uku, yana hamma yana rubutu. Jikina ya ba ni cewa wani ya yi magana.

Garth ba zai harbi kansa a ƙafa ba, ni kuma ko matata ban gaya wa ba. Saura Lorne. Daga nan na fara tattara abubuwa, kuma mai nema yana samu. A taronmu Lorne ya dage wai mu duba wani mai tsaron raga na Quebec, bayan ya san ba shi ne ciwonmu ba. Kwantiraginsa na ƙarewa a bazara. A Regina na shiga gidan abinci na tarar da shi da Merv suna cin soyayyen dankali suna dariya, ina shigowa dariyar ta tsaya. Sai kuma na tuna yadda tun Disamba yake jan rigata a Swift Current yana cewa in tashi mu tafi, kamar ba ya so in ƙara ganin yaron.

Na je na samu Garth a ofis. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Orest, ka gani da idonka, ko kuwa zato ne?"

Na ce, "Maigida, shekara goma sha tara nake jin minsharinsa. Na san abin da na sani."

A Afrilu aka daina kiran Lorne taro, aka kuma sanar da shi ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Bai tambayi dalili ba. Ya ajiye min kwanon da matata ke zuba mana perogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, a wanke tas, a kan teburina. Har wannan shirun na lissafa shi cikin laifinsa.

Ranar zaɓe muna zaune a teburinmu da rana tsaka, rigar ƙungiya a ninke a ƙarƙashin kujerar Garth, an riga an manna sunan Sawchyn a bayanta. An kira na tara, ba shi ba ne. Na sauke ajiyar zuciya, don ƙungiyar da ke ta goma ɗan gaba suke nema. Sai aka sanar cewa sun yi musayar matsayi da ƙungiyar su Merv. Ina kallo yaron ya rungumi uwarsa, ya hau dandamali, ya sa rigar wasu. Mu kuma muka ɗauki wani mai riƙe sanda ta hagu, na bakwai.

Na ritsa Merv a wajen tulun kofi. Na ce masa tunda ya ci, ya gaya min me ya yi wa Lorne alkawari.

Ya dube ni, ya yi dariya. "Lorne? Sau biyu na saya wa wannan mutumin abinci, in ban da labarin gwiwar matarsa ba abin da na samu. Ai kai ne, mutumina. Shekara ashirin ina ganin ƙeyarka saura minti biyar. Na je Swift Current kallon wani yaro na ƙungiyar baƙi, na miƙe zan fita, sai na ga Orest a zaune daram har aka busa ƙahon tashi. Na tambayi mai gyaran ƙanƙara, ya ce karo na bakwai ke nan. Ni kuwa na koma na zauna in ga me kake gani."

Kunya ta kama ni, na ajiye kofina. Na fita waje na kira Lorne. Yana gida a Rosthern, ina jin injin yankan ciyawa ya mutu kafin ya amsa. Na faɗa masa komai, har da zuwana ofishin Garth, ban rage ba.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Na sani, Orest. Me kake tsammani nake jan rigarka? Sau bakwai ina cewa ka tashi, ana kallonka. Kai kuma ka ce in je in ɗumama mota."