Sannu da Zuwa a Rajistar Saba

Kawuna tayoyin mota yake sayarwa, ni kuma nake kula da shafin kamfanin na intanet, a wani ɗan ofis mai warin roba. Saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, tana da rajista: duk wanda ya leƙo, sai ta rubuta layi guda, da lambar adireshinsa da lokaci da abin da ya nema.

Wata Laraba Kawu ya tsaya a kaina da kofin shayi, yana kallon layukan suna gudu.

"Waɗannan kwarkwatar fa?"

"Baƙinmu ne, Kawu."

"Baƙona ne za a rubuta da lamba kamar buhun siminti? Ko sannu babu? Wa ya rene ki?"

Na ce masa ba mai karanta rajistar sai ni. Ya ce ai tarbiyya ba don a gani ake yinta ba.

Na buɗe fayil ɗin saiti, na gyara tsarin layin. Daga ranar kowane layi ya fara da "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe". Kawu har abokansa ya kira su gani.

Ranar Litinin a wurin taro, manhajar da ke ƙirga baƙi ta nuna sifili. Ita adireshi ta saba gani a farkon layi, da ta ci karo da gaisuwa sai ta yi zuciya. Kawu ya zabura.

"Mun gaishe su sun gudu?"

Na yi masa bayani. Na ƙara da cewa yawancin masu zuwan ma ba mutane ba ne, na'urorin ɓarayi ne masu lalubar kalmar sirri.

Ya ajiye kofin a hankali.

"Wato ɓarawo nake wa ranka ya daɗe?"

"Dare da rana, Kawu."

Can ya ce a mayar da gaisuwar ƙarshen layi don manhajar ta huce, ɓarayin kuma a ware musu fayil nasu. Shi da kansa ya zaɓi abin da za a rubuta musu, har da kakanninsu a ciki. Inna, matarsa, da ta gani sai da ta yi salati.

Yanzu kowace safiya, kafin ya tambayi ciniki, kujera yake ja kusa da ni.

"'Yata, buɗe min na 'yan iskan nan."