Gwanin da Kamfani Ya Ba Maiwada

Maiwada ne teknisiyan na wani ƙaramin gidan rediyo a Magariya ta Nijar, kuma ba ya gajiya da yabon sistem ɗin da ke tafiyar da ordinatarsa, wato kwamfutarsa. Na ƙwararru ne, in ji shi, ba na kowa da kowa ba. Ko da kamfanin da ya yi shi ya ƙara jika ashirin a kuɗin abonma na bana, wato kuɗin sabunta rajista, cewa ya yi abu mai kyau ba ya araha.

Ranar kasuwa, ana dab da labarun rana, na'urar ta yi gum. Ya kira kamfanin, ya buɗe muryar wayar don Zulai mai karanta labarai ta ji amfanin tsadar.

Wata mata ta ba shi haƙuri da Faransanci, ta ce injiniyan da ya san wannan sistem ya bar aiki. "Amma akwai wani gwani a Nijar da muke tura wa mutane. Rubuta lambarsa."

Maiwada ya soma rubutawa, sai ya tsaya. Lambarsa ce, shi Maiwada.

Zulai ta kwashe da dariya. "To Malam, kira shi mana, ko zai ɗauka."

Ya tuɓe hula, ya shiga ƙarƙashin tebur don gyaran na'urar yana gunaguni. An karanta labarai da jinkirin minti goma.