Ardell Ya Je Majalisa

"Ɗauko makullin motarki, Lorna. Ba wa'azi na zo ji ba."

Ardell Pettiford na tsaye a bakin ƙofarta cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, wadda yanzu ta yi masa yawa kamar ta aro. Yana jan 'yar tukunyar iskar da asibiti suka ba shi, robar tana maƙale a hancinsa. Lorna ta leƙa gidansa da ke tsallaken shinge.

"Renita ta san ka fito?"

"Tana wurin aiki. Kuma ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba."

"Likita ya ce ko matakala kada ka hau."

"Bai ce komai a kan majalisa ba. Ke tsohuwa, za ki kai ni ko in tari bas?"

Ta ɗauko makullin.

Tun suna matasa suka san juna, lokacin da suke yi wa Hukumar Sasanta Jama'a ta jiharsu aikin gwaji. Ardell, baƙar fata, zai shiga ya tambayi gidan haya, a ce masa an riga an kama. Can sai Lorna, farar fata, ta shiga ta tambayi gidan nan dai, a miƙo mata makulli har da murmushi. Su kai rahoto, hukumar ta kira mai gidan, ta ba shi kofi, ta roƙe shi ya daina. Iyakar ikonta ke nan. Yau kwamitin majalisa zai saurari jama'a kan dokar da za ta mayar da ita Hukumar Kare Haƙƙin Jama'a, ta kuma ba ta ikon kai mutum kotu da kanta.

A hanya Ardell ya kasa zama wuri ɗaya. Ya sauke gilashi, ya ɗaga, ya kunna rediyo, ya kashe.

"Kina tuƙi kamar mai rakiyar gawa."

"Rufe min baki, Ardell."

"To, ai da sauran kwanana. Ki taka mai."

Ɗakin sauraron ya cika, ga zafi. Lauyan ƙungiyar masu gidajen haya ya daɗe yana magana. Ya ce wancan zamani ya wuce, yanzu ba wanda ake hana gida saboda launin fatarsa. Lorna ba ta kallon lauyan, ƙirjin Ardell take kallo, yadda yake hawa da sauka da ƙyar.

Da aka kira sunansa ya ƙi yarda ta riƙe shi. Ya dafa tebur ya tsaya.

"Na yi wa hukumar nan aiki tun gashina na baƙi," in ji shi. "Mutanen kirki ne. Amma abin da suke da shi kawai shi ne ban haƙuri. Na sha ganin mace da 'ya'yanta sun fito daga ofishin da haƙuri, ba ɗaki. Sunan ma ku duba shi. Sasantawa. Wa ya yi faɗa da wa? Ni gida na tam..."

Tari ya sarƙe shi. Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Shugabar kwamitin ta ce a kawo masa ruwa, ta soma duba sunan mai bi masa.

Lorna ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ni ce wadda ake ba makulli," ta ce. "Bara da kaka ya nemi ɗaki a ƙasa kusa da asibiti, saboda matakalar gidansa ta fi ƙarfinsa. Aka ce masa babu. Da rana na je, aka nuna min har biyu. Bara fa, ranki ya daɗe, ba zamanin da ba."

Ardell ya zauna, ya jawo gefen rigarta.

"Kin ci min lokaci," ya raɗa mata.

A hanyar dawowa barci ya ɗauke shi. Duk inda danja ta tsayar da su sai ta kai hannu ta taɓa wuyansa. Renita na tsaye a baranda suna isowa, da waya a hannu, idanunta sun yi ja.

"Baba! Anti Lorna, ke ma da ke?"

"Ki yi min faɗan gobe," in ji shi. "Yau na gaji."

Bai sake fita ba. Mako na zagayowa, da safe, Lorna na shanya tawul a bayan gida sai ta ga Renita ta nufo shinge ba takalmi. Ba sai da ta faɗa ba.

An amince da dokar bayan an binne shi. Lorna ta ji a rediyo tana wanke kwanuka. Ta rufe famfo, ta zagaya ɗakin, ta rasa wanda za ta gaya wa. Daga baya ta shiga mota ta nufi tsohon ofishin hukumar. Wani ma'aikaci na kan tsani yana kwance haruffan ƙarfe daga bango ɗaya bayan ɗaya, yana jefa su cikin bokiti. Inda ya cire su fentin bai koɗe ba, tsohon sunan yana karantuwa sarai. Sababbin haruffan na jingine a ƙasa cikin ledarsu. Lorna ta kashe mota, ta zauna tana kallonsa.