Kafaɗar Doreen

Ƙararrawa biyu ce rabona a ƙungiyarmu ta masu kaɗa waƙa da ƙararrawar hannu, kuma tun kaina yana baƙi nake riƙe da su. Kowa da nasa biyun, ba mai taɓa na wani. In mutum ɗaya ya yi fashi, sai waƙa ta fito da giɓi kamar bakin tsohuwa. Shi ya sa ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ranar Talata da yamma za ka same mu a zauren cocin ƙauyenmu Harthwaite da fararen safar hannu, muna jiran Wilfred ya gama tarinsa.

Wilfred ne shugabanmu, tsohon mai gyaran agogo. Mutumin kirki ne, amma taurin kai sai ka ce jaki. Dokarsa ita ce, in ka kaɗa ƙararrawa, ka danna ta a saman ƙirjinka wajen kafaɗa, ka kashe sautinta kafin ta gaba ta shigo. Mutanen Skelby, ƙauyen da ke bayan tudu, su a kan tebur mai shimfiɗa suke kife tasu, kuma shekara da shekaru Wilfred yana musu dariya, wai masu jera kwanuka ne bayan wanke-wanke.

Doreen ce a hannun damana a layi, ƙawata tun muna 'yan mata. A bazarar nan aka yi mata aiki a ƙirji ta gefen hagu, aka cire abin da ya zama dole. Ta dawo a rame, amma bakin nan yana nan, don tun daga ƙofa ta ce da ni na yi ƙiba da rabonta na kek.

Muna fara waƙar bikin girbi na ji ƙararrawarta ta hagu tana shiga cikin tawa. Na saci kallonta. Ta kai ta kafaɗa, ƙarfen yana taɓa wurin sai ta cije leɓe ta janye. Wilfred ya tsayar da mu, ya ce ƙararrawar wani tana jan jela, ko wane ne ya kashe ta. Doreen ta ba da haƙuri, aka sake, aka sake samun haka.

Da aka tashi shan shayi ta same ni ina dauraye kofuna. Ta ce za ta ba matar fasto ƙararrawarta, ba za ta ɓata wa mutane waƙa ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Matar nan ita kaɗai take zaune, Talatar nan ce kawai take fito da ita daga gida.

Ta ce, "Glenys, kada ki faɗa wa kowa wurin yana min ciwo. Na gaji da kallon tausayi."

To, na yi alkawari, kuma ni ba na karya shi. Amma ai ba ta hana ni rashin kunya ba. Da muka koma, na tuɓe rigar sanyina, na ninke ta a kan teburin da muke ɗora takardun waƙa, na kaɗa tawa na kife ta a kai, tim, yadda 'yan Skelby suke yi.

Wilfred ya yi jajir har kunnuwa. Ya tambaye ni ko na koma Skelby da zama ne bai sani ba. Na ce a'a, kafaɗata ce ta gaji. Na tsare shi da ido ban ƙifta ba. Ya dube ni, ya bi layin da kallo, ya tsaya a kan Doreen da hannunta da ke dafe da gefen hagu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce mu tashi haka nan.

Talata ta gaba muka tarar an lulluɓe teburin da barguna. Wilfred ya gyara murya, yana kallon rufi, ya ce ya yi tunani, kifewa a tebur ta fi fitar da sauti tas, daga yau kowa haka zai yi. Zaure ya kaure da tsiya. Mai babbar ƙararrawa ya ce a kira likita, wani ya ce a aika Skelby su yi biki. Tsohon nan ya shanye duka. Ban taɓa son sa kamar ranar ba.

Mun sha wuya kafin hannu ya saba, amma ranar bikin girbi waƙa ta fita lafiya, tsakanin kabewa da burodin da aka jera a gaban coci. Ƙararrawar Doreen ta shigo a kan lokaci, ta mutu a kan lokaci.

A waje ta riƙo hannuna ta ce, "Ke kika faɗa masa?"

Na ce ban faɗa ba, kuma gaskiyata ce.

Ta daɗe tana kallona, idonta ya ciko, ta share da safar hannunta. Sannan ta ce, "Talata ki biyo mini. Kuma ki daina riga ni shigowa a baiti na biyu, shekara nawa ina haƙuri da ke."