Hancin Mama da Maɓallai Uku

In dai Mama tana bakin aiki, ba ta taɓa wayarta da yatsa. Da hanci take dannawa.

Gidan burodinmu ɗaki biyu ne. Na gaba shi ne mai kanta, inda nake tsayawa ina sallamar masu saye. Na baya kuma can ne tanderu yake, da buhunan fulawa, da dogon teburin murji. Tun da safe hannuwan Mama ke nutsewa cikin kwaɓi har gwiwar hannu, masu shaguna kuwa ba su san jira ba, saƙon murya kawai suke aikowa: a ƙaro kaza, a rage kaza, na jiya ya ƙone ta gindi. Shi ya sa marigayi Babanmu ya kafa wani ɗan katako a bango, daidai tsayin fuskarta, ya ɗaure wayar a kai da roba, ya jona mata caji don kada fuskar wayar ta riƙa mutuwa. Saƙo na shigowa sai Mama ta miƙa wuya, ta dangwala da kan hanci, ta saurara, ta sake dangwalar maɓallin komawa baya da ke ƙasa ta dama, ta ci gaba da murjinta. Kamar kaza tana tsintar hatsi. Mu mun saba, ko kallo ba ma yi.

Sai Dogo ya shigo rayuwata.

Da goshi ya shigo, don ranar da na fara ganinsa saman ƙofar shagonmu ya buga masa kai. Ruwan sama ne ya koro shi. Ya tsaya yana dafe da goshi, gilashinsa ya karkace, ruwa na ɗiga daga kan wani siririn hanci mai tsini kamar bakin biro, ya ce a ba shi burodi ɗaya kuma a yafe masa. Ƙofar yake ba haƙuri! Na karanta labaran soyayya har idona ya fara neman magani, amma babu marubucin da ya taɓa gaya min cewa zuciya tana iya faɗawa mutum saboda ya roƙi ƙofa gafara. Tawa dai ta faɗa, ba ta kuma tashi ba.

Gyaran kwamfutoci yake yi a ofishin wani kamfanin motocin haya. Mutum ne mai kunya, kuma yana da cuta guda: in ya tsorata sai ya gyara wani abu. Ko abin bai lalace ba.

Ni ce auta, kuma Mama ta sha faɗa cewa ba za ta ba da ni ga wanda ba ta auna hankalinsa da idonta ba. In ta ce a'a, to ko duniya za ta taru, a'a ce. Don haka ranar da Dogo zai zo gaishe ta na yi masa huɗuba tun daga bakin titi.

"Ka sunkuya a ƙofa. Ka gaishe ta. Ka yabi burodi. Kada ka taɓa komai."

"Me zan taɓa?"

"Ban sani ba. Shi ya sa na ce komai."

Ya sunkuya, ya gaishe ta, ya yabi burodi har sau biyu. Mama ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da ya ɗauke ta lokaci, ta ce, "Ikon Allah. Kai kuma ina aka tsaya da kai?" Sai ta juya ta buɗe tanderu. Nan tsoro ya kama Dogo, idonsa ya fara yawo yana neman abin gyara, ya sauka a kan wayar bango.

"Mama, ai waɗannan maɓallan uku an daina yayinsu. Yanzu shafawa ake yi. In gyara miki?"

Mama ta ce, "To, to, to!"

Da tiren da ke ƙona mata hannu take, ba da shi ba. Ni kuma ina can gaba ina sallamar wata mata. Kafin in dawo an gama ɓarna: maɓallai sun ɓace, sai wani siririn layi a ƙasa kamar gashin gira. Dogo yana murmushi irin na wanda ya ceto jariri daga rijiya.

"In kina son komawa baya, sai ki ja daga gefe zuwa tsakiya. In gida za ki, ki ja daga ƙasa zuwa sama. Na ma rage girman alamomin, fili ya samu."

Mama ba ta ji ko ɗaya ba. Karambanin akuya, gai da kura.

Washegari da safe ina jera burodi a kanta sai na ji kira.

"Auta! Zo ki ga, wayar nan ta zubar da haƙoranta!"

Na tarar tana ta dangwalar kusurwar dama, wayar ko gezau. Na maimaita mata bayanin Dogo cikin ƙaramar murya. Ta dube ni, ta dubi hannuwanta da kwaɓi ya yi wa safa, ta dubi wayar.

"In ja? Da me?"

Ita ma ta san amsar.

Wallahi ba zan manta ba har in bar duniya. Mace mai kwarjini, wadda direbobin manyan motoci ke rage murya in sun zo gabanta, ta manna hanci a gefen waya tana jan fuska daga dama zuwa hagu kamar mage tana goga jiki da ƙafar tebur. Wayar ta buɗe kyamara. Ta ja sama, lissafi ya fito. Ta ja gefe, wani mutum ya fara bayanin yadda ake kiwon kifi. Na yi ƙoƙarin maido da maɓallan, amma ni da saitin waya sai kallo, ban san ƙofarsa ba balle tagarsa. Na kira Dogo, wayarsa a kashe, suna taro.

"Bar shi," in ji Mama, tana huci. "Ni da na haifi 'ya'ya na aurar, gilashi ba zai gagare ni ba."

Ta ci gaba da shafa. Ba mu san abin da hancin ya aikata ba sai da hantsi ya dubi ludayi, lokacin da wani ƙamshin turare ya shigo shagon kafin mai shi.

Mai Fulawa ne, dattijon da ke kawo mana buhuna tun ina rarrafe. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Kullum cikin tsohuwar riga mai ƙurar fulawa muke ganinsa, amma ran nan sai ga shi cikin sabon ɗinki, an rage gemu, takalmi na ƙyalli. Ko buhu ɗaya bai zo da shi ba.

"'Yata, mahaifiyar taki na ciki?"

Mama ta leƙo. "Lafiya? Ai ba yau ne ranar kawo kaya ba."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin rigarsa. "Ranki ya daɗe, saƙo ya iso. Ni dama na daɗe ina... to, bakina ne mai nauyi. Ashe ke ma..."

"Ni ma me?"

Ya miƙo wayarsa. Na karɓa, na duba saƙonnin da suka fito daga wayar Mama. Jar zuciya. Wata jar zuciyar. Wata kuma mai kibiya a tsakiya. Sai hoton goshin Mama da rabin ɗankwalinta. Daga ƙarshe saƙon murya, wanda babu komai a ciki sai numfashi mai ƙarfi.

"Wannan na ƙarshen," in ji Mai Fulawa, murya na rawa, "shi ya fi taɓa ni."

Ban san tsoho na iya gudu haka ba sai da Mama ta ɗauko sandar murji. Ya bar mana ƙamshinsa da takalmi ƙafa ɗaya.

Na so in yi dariya, amma da na ga fuskar Mama sai dariyar ta koma ciki. Ta zauna a kan buhu, abin da ba ta yi da rana.

"Wannan dogon naki, kada ya ƙara tako min ƙofa. Garin gyaran gira ya tsone min ido." Sannan ta ce a hankali, "Babanku ne ya saita min ita. Wuni guda ya yi a gaban bangon nan. Tun da ya tafi ban bari kowa ya taɓa ba."

Na koma bayan kanta na yi kuka a kan burodin mutane. Na ga rayuwata gaba ɗaya ta wuce ta gabana: na tsufa a shagon nan, ina sayar da burodi da hannu mai rawa, ina kallon saman ƙofa ina tuna goshin da ya taɓa bugawa. Duk saboda maɓallai uku.

Da la'asar Mama ta tafi kemis a auna mata jini, ta ce tana jin kanta na sarawa. Tana karya kwana na kira Dogo. Ya iso a guje, ya sunkuya a ƙofa, idonsa ya yi ja.

"Na kashe kaina, ko?"

"Ka kashe mu dai. Shiga."

Kafin in ƙifta ido ya maido da maɓallan. Ya juyo zai yi murmushi.

"Tsaya, malam. Na komawa baya a dama yake, ba a hagu ba."

Ya sauya musu wuri, ya gwada da yatsa. "Shi ke nan."

"Da yatsa ka ga tana dannawa?"

Ya tsaya. Na nuna masa katakon, da tsayinsa, da ɗan tabon fulawa da ya daskare a kusurwar dama ta gilashin. Ya daɗe yana kallon tabon. Ashe jiya ya ɗauka datti ne. Sai ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya nufi babban kwanon kwaɓin da Mama ta rufe, ya tsunduma hannuwansa biyu har wuyan hannu.

"Ka haukace? Kwaɓin gobe ne!"

"In hannuna a sake yake, zan yi ha'inci ban sani ba."

Ya ranƙwafa, ya ranƙwafa, ya ƙara ranƙwafawa har ya zo daidai tsayin Mama, ya dangwala. Gilashinsa ya bugi wayar. Ya sake. Maɓallin ya amsa.

"Ya yi!"

"Naka hancin ai allura ne, ko ƙwayar gero zai tsinta. Matsa."

Na dangwala da nawa. Maimakon baya, wayar ta tafi gida. Na sake, ta sake tafiya gida. Hancina maɓalli biyu yake hawa lokaci guda.

Dogo ya zuba min ido, irin kallon da na daɗe ina jira ya yi min a ƙarƙashin wata ko a bakin kogi. Zuciyata ta fara bugawa. Ya buɗe baki a hankali.

"Hancinki... irin na Mama ne sak. Faɗinsu ɗaya."

Wannan ce kalmar soyayya mafi tsawo da ya taɓa gaya min. Na rasa ko in mare shi ko in sume.

"Alamomin ne!" ya ce. "Jiya na rage musu girma. Baba ƙara musu ya yi, saboda... saboda fili."

"Ka ce saboda faɗi, na ji."

Tun da hannuwansa na cikin kwaɓi, da hanci ya shiga saitin, yana dangwala yana gumi. Ya ƙara girma, na gwada, ya yi kaɗan. Ya ƙara, na gwada. Shi ya dangwala, ni in dangwala, fulawa ta yi mana fari a fuska. Muna cikin haka, kai da kai a gaban bango kamar kaji biyu a kan tire ɗaya, sai muka ji an ajiye takalmi a bayanmu.

Mama ce, jaka a hannu ɗaya, ledar magani a ɗayan.

Babu wanda ya yi motsi. Wani dunƙulen kwaɓi ya zame daga hannun Dogo ya faɗi ƙasa, ɗab.

Sai wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Mama ta ratsa ta tsakaninmu, ta miƙa wuya, ta dangwala. Muryar Mai Fulawa ta cika ɗakin: "Ranki ya daɗe, na fahimta, kunya ce irin ta manyan mata. Ni mai haƙuri ne. Kuma don Allah a adana min takalmina."

Mama ta rufe ido. Ta buɗe. Ta kai hanci kusurwar dama, ta dangwala sau ɗaya.

Wayar ta koma baya.

Ta daɗe a tsaye tana kallon maɓallan nan uku. Sannan ta juyo kan Dogo.

"Wa ya ce ka sa min hannu a kwaɓi?"

"Mama, ki gafarce ni. Na ga ba zan gane ba sai nawa hannun ya ɗaure kamar naki."

Ta dubi hannuwan, ta dubi farin hancinsa. Na ga leɓenta na rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

"Babanta ma haka ya yi," ta ce. "Sai dai shi hancinsa na mutane ne. Naka wannan, Allah ya kiyaye bai fasa min gilashi ba." Ta ajiye jakar. "Tunda ka fara, sai ka murje kwaɓin nan tas. In ka gama, ka ɗauki takalmin can ka kai wa tsohon nan, ka yi masa bayani da bakinka, tun daga zuciyar farko har numfashin."

"To, Mama."

"Kuma in ka ƙara gyara min abin da bai lalace ba, kai zan saka a tanderu, in ka shiga."

"To, Mama."

Ta nufi ƙofa, ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Auta, kin tsaya kina kallona kamar gunki. Ba surukin nawa tsumma ya share hanci mana."

Dogo ya miƙe zumbur don murna, duk tsawonsa, ya manta a ƙarƙashin me yake tsaye. Shelf ɗin da ake jera gwangwanayen gasa burodi a kai ya karɓe shi a ƙeya, gwangwanaye suka zubo kamar ruwan sama. Yana dafe da kai da hannu mai kwaɓi, na ji yana ce wa shelf ɗin ya yi haƙuri.