Da Sauƙi

Mukarrama mace ce mai yarda da lissafi fiye da yadda take yarda da bakin mutane, kuma a ofishinsu na binciken lafiya a Makarfi kowa ya san haka. Da gudawa ta ɓarke tsakanin yara a wani ƙauye can bayan Nasarawan Doya, aka zargi tsohuwar rijiyar bakin gonakin rake, aka rufe ta da kwano. Ita aka ɗora wa tantancewa: ko rijiyar ce, ko zargi ne kawai.

Ta tura Yahuza, mai tattaro musu bayanai, ya bi gidajen yaran da suka kwanta. Ta kasa su kashi biyu, masu shan rijiya da masu shan famfo, kowane kashi kuma ta raba shi, waɗanda suka samu sauƙi da waɗanda ciwo ya ci gaba da ci. Zaton da ake farawa da shi shi ne babu alaƙa tsakanin ruwa da ciwo, sai in alƙaluma sun ƙaryata. Ta yi gwajin da 'yan lissafi ke kira kai-sikwaya, alƙaluma ba su ƙaryata ba. Kusan kowane yaro ya samu sauƙi, na rijiya da na famfo. Ta ce a buɗe rijiya, aka buɗe.

Sai dai abin ya tsaya mata a rai. Sakamakon ya yi kyau da yawa, kuma ruwa ba ya tsami banza. A ƙauyen nan gwaggonta Indo take, da jikanta Huzaifa, wanda yana cikin yaran da suka kwanta, kuma gidansu rijiya suke sha.

Ranar Laraba, kasuwa na ci, Yahuza ya shigo ofis yana ɓare gyaɗa.

Ta ce, "Malam Yahuza, wai yaya ka riƙa yi musu tambayar?"

"Yadda ake yi mana, Hajiya. In yi sallama, a gaisa, in ce yaya mai jiki."

"Su ce me?"

"Su ce da sauƙi."

"Dukansu?"

Ya yi dariya. "To wa zai ce babu sauƙi, kamar mai yi wa Allah butulci? Akwai ma gidan da suka ce min da sauƙi, kafin in bar garin da ni aka yi jana'izar yaron. Allah Ya jiƙansa."

Mukarrama ta sake duban alƙalumanta. Ita da aka haifa a Kudan, ita da ta ji mahaifiyarta tana cewa da sauƙi har ranar da ta cika, ita ce ta ɗauki amsar gaisuwa ta mai da ita shaidar warkewa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Nan take ta kira Indo a waya. Aka yi doguwar gaisuwa, gida, damina, gajiya, tana jin kamar ta yi ihu.

"Gwaggo, yaya jikin Huzaifa?"

"Ai mun gode miki, 'yar nan, da kika sa aka buɗe mana rijiya. Da ita nake dama masa kunu."

"Gwaggo, jikinsa fa?"

Can a bayan Indo Mukarrama ta ji muryoyin mata da yawa, ƙasa-ƙasa, irin na gidan da aka taru a kan mara lafiya.

Indo ta ce, "Da sauƙi."