Abin da Gattas Bai Haɗiye Ba

"Riƙe masa kai, Zakir, ka daina kallona," in ji Ummu Gattas, tana tura robar amai ƙarƙashin haɓar ɗanta Gattas.

Na riƙe. Ruwa cokali guda aka ba shi don gwaji, ya dawo da shi har da jini.

Ni facin taya nake yi a ƙasan benensu a unguwar Shubra, tun Gattas yana rarrafe na san shi. Da ya shiga kwalejin tauhidi, shagona ya mayar wurin bita. Ya zauna kan tsohuwar taya yana karanta Sabon Alkawari da Helenanci, harshensa na asali, da ƙarfi.

"Wai Allah ba ya jin Larabci ne?" nakan ce masa.

"Yana ji, Kawu. Kai ne ba ka jin komai sai kukan injin iska."

Kare bangaskiya yake koyo. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne gurasar jibin Ubangiji: jikin Almasihu ce da gaske, ba alama ba. A kan wannan zai yi gardama da kowa, har direban da ya kawo faci. Sai ciwon daji ya kama masa ciki. Asibiti suka ce a kai shi gida.

Ran nan Lahadi, Abuna Sawirus, limamin cocinmu, ya hau benen yana haki, rungume da ɗan akwatin azurfa a ƙirji. Daga bagade, teburin hadaya na coci, ya ɗebo wa Gattas rabonsa na gurasar. Kowa a ɗakin ya san ƙa'ida: wanda ya karɓa ko tofar da yawu ba ya yi ranar, balle amai.

"A sake gwadawa," in ji uwar.

Aka sake ba shi ruwa. Ya dawo.

"Abuna, ba shi kawai," na ce. "Yaron nan tafiya zai yi, kai ma kana gani."

Abuna bai yi fushi ba. Ya durƙusa bakin gado. "Ɗana, zan gutsura maka kamar ƙwayar riɗi, in ɗora a harshenka. Laifin a wuyana."

Gattas ya daɗe yana kallon akwatin. Leɓensa duk ya tsage. Sai ya juya ya kalli robar.

"A'a, Abuna."

"Kai, ba ka da hankali ne?" Na ɗaga murya a gaban limami, ban damu ba. "Duk karatun nan da ka cika mini kunne da shi, don wannan ranar ce!"

"Shi ya sa, Kawu." Da ƙyar muryar ke fita. "Da alama ce kawai, da na karɓa. Ka ga inda zai koma."

Uwar ta kama ƙafarsa. "Don darajar nonon da na ba ka, Gattas."

Ya rufe ido, ya girgiza kai.

Abin da aka fito da shi daga bagade ba ya komawa, ba ya kwana. Abuna ya miƙe, ya fuskanci gabas, ya ci da kansa. Ya zuba ruwa a akwatin, ya ɗauraye, ya shanye. Na ga Gattas ya buɗe ido yana bin maƙogwaron Abuna da kallo, nasa ma yana motsi.

Abuna ya ce zai dawo in cikin ya lafa. Bai lafa ba. Laraba da hantsi Gattas ya cika.

Muka sa masa farar rigarsa ta hidimar coci. Matakalar benen ta yi ƙunci, sai da muka miƙar da akwatin gawar tsaye a kowace kwana. Ba nauyi ko kaɗan. Ummu Gattas tana biye da mu riƙe da takalmansa, ta rasa inda za ta ajiye.